Zarbat Khan da Notin Libarbar Sulhu

A kasuwar Darra Adam Khel, inda kowane shago daga bakin titi har gindin dutse bindiga ake ƙerawa ko ake sayarwa, akwai shago guda da ba za ka ga bindiga ko ɗaya a rataye ba. Shagon Zarbat Khan ke nan. Gwangwanaye ne jere a kan katako tun daga ƙasa har rufi, na shayi, na man shanu, na madarar jarirai, kowanne cike da notuna. Shi kuma yana zaune a tsakiya a kan buzu, ɗan siriri, gemu ya sha lalle, bakinsa ba ya hutawa. In babu mai saye sai ya ja maƙwabcinsa Rokhan da hira ta saman katanga. In Rokhan ya kunna inji don ya huta, sai ya koma hira da mai kawo shayi.

Ubansa maƙerin bindiga ne mai suna, yayyensa duk sun gaje shi. Zarbat ne kaɗai hannunsa ya ƙi aikin. In aka ba shi magagari ya goge bututu, kafin a waiga ya cinye gefe guda, don hankalinsa yana kan labarin da yake bayarwa. Abu ɗaya ne yake sa shi yin shiru, shi ne in an kawo tsohuwar libarba irin wadda Turawan Ingila suka bari a ƙasar, aka kwance ta a kan tabarma. Nan zai durƙusa yana juya notunan ɗaya bayan ɗaya. Tun yana saurayi ya lura da abin da ke ba maƙera ciwon kai. Kowa a Darra yana iya yanka sabon noti, amma zaren da ke nannaɗe a jikin notin waɗannan tsofaffin bindigogi ba irin na yanzu ba ne. Sabon noti sai ya shiga rabi ya cije, in an matsa masa ya cinye ramin. Wani kuma ya shiga lafiya, a yi harbi kaɗan ya kwance ya faɗi a ƙasa. Ga shi ko an dace da zaren, kan notin yana ƙyalli a jikin baƙar bindiga kamar haƙorin makka a bakin tsoho.

Sai ya mai da wannan sana'arsa. Ya riƙa shiga mota zuwa Peshawar da Kohat da Bannu yana sayen matattun bindigogi, waɗanda suka fashe ko tsatsa ta gama da su, ya kwashe notunan ya zubar da sauran. Yayyensa sun yi masa dariya har suka gaji. Uban matarsa Palwasha ma sai da ya yi jinkirin ba shi ita, yana cewa bai taɓa jin an riƙe gida da tsince-tsince ba. Amma a hankali maƙeran da suka yi dariyar suka fara aiko masa, har ta kai in tsohuwar libarba ta gagara a ko'ina cikin kasuwar, amsa ɗaya ce, a kai wa Zarbat. Shi kuwa ba cinikin ne ke faranta masa rai ba kamar farautar. Duk notin da ya samo yana da labarinsa, kuma sai ka saurari labarin kafin ya miƙo maka kayanka. Magana ba ta kwana a cikinsa, kowa ya san haka, shi ya sa ba a gaya masa sirri.

Wata safiya cikin sanyi, yana dangwala gurasa a shayi, sai ga Alhaji Nauroz a ƙofar shago. Nauroz babban mutum ne, mai motocin dakon kaya tsakanin Karachi da Peshawar, ba irin wanda ke zuwa shago da ƙafarsa ba. Ya zauna, aka gaisa, aka kawo koren shayi, sannan ya zaro wani ƙunshi daga cikin mayafinsa ya warware. Libarba ce ta Ingila, babba, baƙa, ƙotarta ta sha hannu har ta yi santsi. Tun kafin a ce komai idon Zarbat ya faɗa kan ramin da ke gefenta. Notin da gudumar bindigar, wato ƙarfen da ke bugun harsashi, ke juyawa a kansa ne babu. Gudumar tana reto kawai.

Babu wanda bai san labarin wannan bindiga ba a Darra, sai dai ba kowa ya taɓa ganinta ba. Shekaru fiye da arba'in da suka wuce an yi faɗa kan ruwan ban-ruwa tsakanin gidan su Nauroz da gidan su Sherdil. Uban Sherdil ya harbe uban Nauroz da ita, shi ma aka ji masa rauni, ta faɗi a gona, dangin Nauroz suka ɗauke. Tun daga ranar gidajen biyu ba sa haɗa hanya, ko a jana'iza. Yanzu jirga, taron dattawan ƙabila, ta shiga tsakani har an kai ga sulhu. An daidaita batun diyya da na ruwa. Sharaɗi ɗaya ya rage, shi ne a mayar wa Sherdil bindigar ubansa yadda aka ɗauke ta, ranar Juma'a mai zuwa, a gaban kowa.

Nauroz ya ce notin ya daɗe da ɓacewa, bai san yadda aka yi ba. Ya ce ya san ana iya yanka sabo, amma a garin da yaro ma ya san ƙarfe, Sherdil zai gane da kallo ɗaya, zai kuma ɗauka raini ne, an lalata kayan ubansa an yi masa faci.

"Alhaji, bar ni da ita," in ji Zarbat cike da murna. "In notin nan yana ƙasar nan, ko a cikin cikin kifi ne, zan fito da shi."

Nauroz ya dube shi ya ce abin da yake tsoro ba rashin notin ba ne, bakin mai neman notin ne. Zarbat ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Kafin azahar Rokhan ya ji, kafin la'asar kasuwa duka ta ji.

Ranar ko abincin rana bai ci ba. Ya shimfiɗa farin zane, ya riƙa sauko da gwangwanaye yana zazzagewa. Ya ware duk notin da ya yi kama, ya riƙa gwada su da yatsa, ba ya sa sukurudireba don kada ya ɓata ramin. Wannan ya yi tsawo, wancan zarensa ya yi kauri. Akwai ɗaya da ya shiga sumul har Zarbat ya miƙe tsaye yana kiran Rokhan ya zo ya gani, sai da ya kai ƙarshe kan ya ƙi zama daidai da jikin bindigar, ya ɗan turo waje. Rokhan ya leƙo ta katanga ya ce, "To, sarkin notuna, ashe akwai ramin da ya fi ƙarfinka." Zarbat ya ce ya jira ya gani, shi da ko notin keke bai iya bambancewa da na buta ba.

Washegari ya shiga motar farko zuwa Peshawar. Ya bi rumfunan 'yan gwangwan yana tona buhuna har hannunsa ya yi baƙi. Wani tsoho mai gyaran agogo ya ce masa akwai wani a Kohat da ya gaji akwatin kayan gyara daga kakansa wanda ya yi aikin soja zamanin Turawa. Zarbat bai ko koma gida ba, ya zarce. Ya sami mutumin, ya sha shayinsa, ya saurari koke-kokensa kan ciwon gwiwa, sannan aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe sai da Zarbat ya yi salati. Notuna ne na asali, nannaɗe a takarda mai maiƙo, ba su taɓa ganin rana ba. Ya saye akwatin gaba ɗaya, ya rungume shi a mota kamar jariri, yana ta ba fasinjoji labari ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Da ya isa shago ya gwada, sai ya tarar na ƙanwar wannan bindigar ne, ƙirar da ta biyo bayanta. Bambancin bai fi kaurin gashi ba, amma ya isa ya hana shi shiga.

Lokaci yana ƙurewa. Da hantsin Laraba ya fito da bindigar bakin ƙofa inda haske ya fi, ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido, yana so ya sake duba zaren ramin ko zai tuna inda ya taɓa ganin irinsa. A nan ne ya ga abin da gaggawa ta hana shi gani tun farko. Zaren ramin lafiyarsa ƙalau. Notin da ya kwance da kansa saboda harbi yakan bar rami a goge, wannan kuwa kamar jiya aka yanka shi. Ga kuma wasu 'yan ƙananan zane a gefen ramin, sirara, sun fita waje kamar gashin ido. Ba sukurudireba ke yin wannan ba. Tsinin wuƙa ne da ya riƙa zamewa a hannun wanda bai saba ba.

Zarbat ya cire gilashin daga ido. Notin ba faɗuwa ya yi ba, cire shi aka yi. Kuma babu namiji a Darra, komai wautarsa, da zai taɓa bindiga da wuƙar yanka albasa alhali sukurudireba na zube a kowane gida. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi gida yana haɗawa da gudu, Rokhan na kiransa bai waiga ba.

Palwasha tana gasa gurasa ya faɗo gidan. Ya ja ta gefe yana haki ya zayyana mata komai, ya ce mace ce ta cire notin nan, kuma macen da ke gidan a wancan lokaci wadda ta rage da rai ita ce Bibi Marjan, uwar Nauroz. Shi ba shi da hanyar shiga wurin mata, amma ita tana da ita.

Palwasha ta kalle shi daga sama har ƙasa. Ta ce za ta je, amma da sharaɗi. "Baban Nazo, duk abin da tsohuwar nan ta gaya mini, in ta ce amana ce, to amana ce. In na ji shi a bakin mai shayi, wallahi gidanmu za ka same ni." Ya rantse, ta sa ya sake rantsewa, sannan ta ɗauki mayafi da kwanon alewar gari ta fita.

Wunin nan Zarbat ya kasa zama. Ya fita ƙofar gida ya dawo, ya ba akuya ruwa har ta ƙi sha, ya hau soro yana hangen hanya. Gab da magariba ta shigo. Sai da ta cire mayafi ta zauna a nutse, shi kuwa kamar ya yi kuka. Sannan ta buɗe tafin hannunta. Wata tsohuwar laya ce ta fata, baƙa ƙirin don daɗewa a wuya, an farke ɗinkin gefenta. Ya zazzage ta a tafinsa, noti ya faɗo, naɗe a ɗan ƙyalle mai ƙanshin man ridi.

Palwasha ta ba shi labarin yadda ta ji. Da farko tsohuwar ta nuna ba ta san zancen ba, har da tambayar wane noti. Sai da Palwasha ta gaya mata sulhun zai iya rushewa a kan wannan ɗan ƙarfe, sannan ta kori jikokinta daga ɗakin ta rufe ƙofa. Ta ce lokacin da aka kashe mijinta Nauroz yana saurayi, jini na tafasa. Ya dafa Alƙur'ani a gaban gawar ya rantse cewa da bindigar da ta kashe ubansa zai rama, ba da wata ba. Ita kuwa shi kaɗai ne ɗanta namiji, ta san in ya kashe, shi ma kashe shi za a yi. Roƙo bai yi amfani ba. Ranar da ta ji ya gama shirin tare uban Sherdil a hanyar kasuwa, sai ta faki idonsa ya tafi masallaci, ta ɗauko bindigar daga akwati. Ba ta san komai game da bindiga ba. Ta dai zaɓi notin da ya fi girma, ta sa wuƙar girki tana murɗawa har ta yanke yatsa. Ta so ta jefa shi a rijiya, sai ta ji tsoro, don kayan mutane ne. Shi ne ta ɗinke shi a laya ta rataya, duk shekara tana farke ɗinkin ta shafa masa mai. Ta ce ta ba da shi don a yi sulhu, amma kada ɗanta ya sani muddin tana numfashi.

Zarbat bai jira gari ya waye sosai ba, yana idar da sallar asuba ya buɗe shago. Ya goge ramin, ya daidaita gudumar, ya ɗora notin ya murɗa da yatsa biyu. Ya bi zarensa ya tafi sumul ba cijewa, ya zauna daidai da jikin bindigar, launinsu ɗaya, har zanen wuƙar da ke gefen ramin ya haɗu da wanda ke kan notin. Ya ja gudumar baya ta yi ƙas, gangar harsashi ta juya. Zarbat ya miƙe ya yi rawa shi kaɗai a tsakanin gwangwanayensa, har ya ture na madara notuna suka watse.

Rokhan ya ji kwaramniya ya leƙo. Da ya ga bindigar sai ya karɓa ya jujjuya, ya ce wannan ba ɗan'uwan notin ba ne, shi ne da kansa, ina ya samo shi? Labarin ya taso wa Zarbat har maƙogwaro. A rayuwarsa bai taɓa riƙe labari mai daɗin wannan ba. Ya buɗe baki, ya tuna fuskar Palwasha, ya haɗiye. Ya ce Allah ne ya ba shi. Rokhan ya tambaye shi ko ba shi da lafiya ne.

Ranar Juma'a bayan masallaci aka taru a fili, an shimfiɗa darduma, dattawa sun zauna da rawunansu, tukwanen shinkafa da naman rago na tururi a gefe. Nauroz ya tashi ya miƙa bindigar da hannu biyu, ƙota gaba. Sherdil, wanda shi ma furfura ta gama rufe shi, ya karɓa. Bai yi sauri ba. Ya duba bututu, ya buɗe ta ya leƙa, ya bi notunan da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Zarbat yana bayan taro ya ɗage a kan yatsun ƙafa yana leƙe. Da yatsan Sherdil ya kai kan notin gudumar sai ya ɗan tsaya, sannan ya wuce. Ya ɗago kai ya ce ita ce, yadda ya san ta a ƙugun ubansa. Ya ajiye ta a gaban dattawa, ya rungume Nauroz. Aka yi addu'a, aka ci abinci a faranti ɗaya. Zarbat ya ci har ya kasa tashi, kuma duk wanda ya tambaye shi inda ya samo notin sai ya cika baki da shinkafa.

Haka ya riƙe maganar nan shekara da shekaru, abin yana cinsa kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya. Wani lokaci yakan zaunar da Palwasha ya ba ta labarin daga farko, ita da ta kawo masa shi, don dai ya sami sauƙi. Ita kuma ta saurara tana tsince shinkafa, tana gyara masa inda ya ƙara gishiri.

Bibi Marjan ta rasu a wata bazara, ta tsufa tukuf. Bayan an share makoki Palwasha ta ce masa yanzu amanar ta sauka, amma ɗanta ya kamata ya fara ji, ba kasuwa ba. Zarbat ya sa fararen kaya ya tafi zauren baƙi na Nauroz, ya jira mutane suka watse, ya zaro tsohuwar layar da ya adana ya ajiye a gabansa. Nauroz ya gane ta nan take, tun yana yaro yake ganinta a wuyan uwarsa. Zarbat ya ba shi labarin, kuma wannan karon bai ƙara komai ba.

Nauroz ya jujjuya layar a hannunsa. Sannan ya ce ya tuna safiyar. Ya ɓuya a bayan dutse, ga uban Sherdil ya taho shi kaɗai a kan jaki, ya ɗaga bindiga ya ja gudumar sai ta zube a yatsansa. Mutumin ya wuce yana waƙa, bai ma san an tare shi ba. Da ya dawo gida, uwarsa ta ce ishara ce daga Allah, ta sa ya yi azumin kaffarar rantsuwarsa, ta tura shi Karachi wurin kawunsa ya koyi tuƙi. Hawaye suka zubo masa yana faɗa. Can kuma sai ya fashe da dariya, hawayen na gangarowa cikin gemu.

"Zarbat, ka san wanda na ɗora wa laifin? Ajab, ɗan baffana. Na ce shi ya sace notin don tsoro. Na yi masa dukan da har yau haƙorinsa ɗaya babu. Yana ta rantsuwa, Inna na tsaye a bakin ƙofa tana kallo, ko uffan."

Ya share fuska da gefen rawani, ya miƙe ya ce wa direbansa ya kawo mota. Ajab yana can wani ƙauye bayan Kohat yana kiwon zuma, sun yi shekaru gaisuwarsu ba ta wuce sama-sama. Nauroz ya sa aka ɗaure rago a bayan motar, ya ce Zarbat ya shigo su tafi tare, don Ajab ba zai yarda da maganar daga bakinsa ba. Suka isa da la'asar suka tarar da shi a gindin bishiya yana gyaran amya. Ya saurare su har ƙarshe, ya taɓa giɓin haƙorinsa da harshe, ya ce ya yafe, amma ragon ɗaya bai isa ba, sai an sa masa haƙorin zinariya a Peshawar. Nauroz ya ce an gama. Suka kwana can, aka yanka ragon, Ajab ya fito da zumar da yake ɓoye wa baƙi na musamman.